Ina Yaran Kaduna Ke Zuwa In An Tashi Makaranta?

Duk wanda ya bi ta tashar Kawo, ko Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, da la'asar, ba zai rasa ganin yara da rigar makaranta a jikinsu ba, waɗansu na talla, waɗansu na dako, waɗansu kuwa gararamba kurum suke yi. An tashe su tun azahar, uba yana wajen neman abinci, uwa kuwa aikin gida ya sha kanta. To, tsakanin azahar da magariba nan ne yaro ke ɗaukar abin da malaminsa bai koya masa ba.

Asalin matsalar tsohuwa ce. Kaduna garin baƙi ne tun da aka mai da hedkwatar Arewa nan a 1917. A ƙauye ɗa na kowa ne, in ya yi ba daidai ba kowane babba ya tsawata masa. Amma a gidajen haya na Unguwar Shanu da Badarawa, sau da yawa maƙwabci bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba.

Magabata ba su yi sakaci ba. Ƙungiyar 'Yan Sikawut, wadda Baden-Powell ya kafa a Ingila a 1908, ta iso Nijeriya a 1915, tana koya wa yara ladabi da taimakon jama'a. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna da goyon bayan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, sa'an nan makarantun Islamiyya suka yi ta yawaita. A 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, a 2016 kuma Gwamnatin Jihar Kaduna ta soma ciyad da 'yan firamare.

Sai dai karatun safe a azahar yake ƙarewa. Kayan sikawut kuɗi ne, Islamiyya ma akwai kuɗin wata, watau ɗan matalauci shi ne ke saura a titi.

Ga shi kuwa azuzuwa a kulle suke duk yamma. Da malamai da akawuna za su raba kwanaki, kowa ya ba da yamma ɗaya a mako, a yi bitar karatu da lissafi, a gayyato tela da kafinta na unguwa su nuna sana'a, a rufe da ƙwallo, kuma kada a karɓi ko kwabo, lalle da an rage ɓarna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.