Askar kakana da fatar da na rataya a taga

Ranar da aka raba kayan kakana bayan rasuwarsa, babu wanda ya miƙa hannu wajen zabirarsa. Tsohuwar jakar fata ce da ta yi baƙi saboda riƙo, a cikinta akwai ƙaho biyu, da ɗan dutsen wasa aska, da asake uku. Wanzami ne, ya yi shekaru yana zagaya gidajen zango a Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, ana kiransa askin suna da kaciya da ƙaho. Cikin 'ya'yansa da jikokinsa babu wanda ya gaji sana'ar. Ni dai alli na riƙe. Amma da na ga zabirar za ta ƙare a bayan ɗaki, sai na ce a ba ni.

Biyu daga cikin asaken ƙirar maƙeran gida ne, tsatsa ta riga ta gama da su. Ta ukun mai naɗewa ce, an buga sunan Sheffield a gindinta, wato garin nan na Ingila da ya yi suna wajen ƙera wuƙa da aska, kamar Solingen a Jamus. Na kai ta wurin wani tsoho da suka yi wanzanci tare da kakana. Ya juya ta, ya yi shiru, sannan ya zuba ruwa a dutsensa ya wasa ta. Da zai miƙo min sai ya ce, "Malam, dutse sai an yi watanni, fata kuwa kullum ce. In ba ka da fata, mayar da ita zabira, kada ka ɓata wa mamaci kaya."

Aikin dutse daban, na fata daban

Da farko na ɗauka duk wasawa ce. Ashe ba haka ba. Dutse cin ƙarfe yake yi, yana fitar da sabon baki. Wanda ke kai askarsa dutse kullum, ba da jimawa ba zai ga ta zama siririya kamar tsinke. Ita fata kusan ba ta cin komai. Bakin aska ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma duk askin da aka yi yana ɗan lanƙwasa shi yadda ido ba zai gani ba. Fata ce ke miƙar da shi, ta goge ɗan tsatsar da ke son kama shi, ta sa shi santsi. Shi ya sa askar da ba a goga ta a fata ba take fizgar gashi, alhali ba dakushewa ta yi ba.

Baba ya ce in nemi ƙirgi, wato fatar saniya da aka jeme da bagaruwa, mai kauri, fuskarta sumul, babu tabo babu zane. Fatar akuya ta yi laushi da yawa, tana naɗewa a ƙarƙashin aska. Tsohon bel ma, in yana da ɗinki ko ado, ba zai yi ba. Wani baduku ya yanka min mai tsawon kamu ɗaya da ɗan wani abu, wajen santimita 50, faɗinta kuma santimita 7. Ya ɗinka zoben ƙarfe a sama, ya yi mariƙi a ƙasa. Waɗanda ake kawowa daga waje sukan zo da ɗamara ta biyu ta zane mai kauri, irin na tamfol. Ni ma na sa ya haɗa min da guda.

Kuskuren da na yi wajen ratayewa

A nan na sha kunya. Na farko, ƙusa na buga a bango na rataya. Ja biyu na yi, ta fito da siminti. Sai na koma mariƙin ƙofa, na ga ya yi daidai. Ina tsakiyar gogawa uwargida ta turo ƙofa daga waje, fatar ta saki, askar ta nutse a ciki ta yanke kusan rabin faɗinta. Saura ƙiris ta sami babban yatsana. Laifina ne, ni na tsaya ta ɓangaren da ƙofar ke buɗewa, ban kuma sa sakata ba.

Ranar nan na koma wurin Baba da askar, hannuna har rawa yake, don na zaci na kashe ta. Ya duba bakin a rana, ya ce ya ɗan karye a wuri ɗaya, sai an sake komawa dutse. Ya ƙara da cewa, "Ɗana, abin da za ka ɗaura fata a jikinsa, ya zama wanda ko ka rataya kanka ba zai motsa ba."

Yanzu a ƙarfen taga take. Na ɗaura igiya mai ƙarfi da ƙugiya, yadda fatar za ta iya juyawa in ina son ɓangaren zane. Tsayin wurin daidai cibiyata. In ya yi sama da yawa kafaɗa na gajiya, hannu ya karkace. In ya yi ƙasa kuma mutum ya duƙa, nauyinsa ya sauka kan askar. Wanda zai rataya a bangon bulo, ya sa a huda a dasa ƙugiya mai noti, ya bar batun ƙusa. Kuma ya zama inda yara ba sa ratsawa, nesa da ruwan banɗaki.

Yadda ake gogawa

Ka riƙe mariƙin da hannun hagu, ka ja fatar ta miƙe. Ba sai ka ja kamar mai kokawa da sa ba, amma kada ta yi ciki. In ta saki, tana naɗe bakin askar ta dasashe shi, ka ga ka yi aikin baban giwa.

Ka kwantar da askar a kan fata, bayanta da bakinta duka suna taɓawa. Ka ja ta bayan yana gaba, bakin yana biye. Ba a taɓa tura baki gaba a kan fata, wannan aikin dutse ne. Kada ka danna, nauyin askar kaɗai ya isa. In ka kai ƙarshe, ka mirgina ta a kan bayanta, da yatsu, kamar mai murza fensir, bayan bai bar fatar ba. Sai ka dawo. Zuwa da dawowa shi ne ɗaya. Mafi yawan yankan da ake yi wa fata a wurin juyin nan ne, in mutum ya juya ta kan baki, ko ya fara komawa tun bai gama juyawa ba. In fatarka ba ta kai tsawon bakin askar faɗi ba, ka riƙa jan ta a karkace, yadda daga gindi har tsini kowane wuri zai samu.

Ni nakan yi 20 a zane, 50 a fata kafin aski. Bayan na gama in wanke askar, in tsane ta sosai, in ƙara kamar 10 don danshin da ya maƙale a baki ya fita. Irin wannan ƙarfen na da ba ya jure ruwa, dare ɗaya ya isa ya yi tsatsa.

Sauri ba ya cikin abin. Mako guda na yi ina koyo da wuƙar cin abinci marar kaifi kafin in sake ɗora askar kakana. Kunne ma malami ne: in ta kwanta daidai za ka ji ƙara iri ɗaya zuwa da dawowa, in ƙarar ta canza, to ka ɗaga bayan.

Kula da fatar

Yanayinmu yana gwada fata. Da damina fumfuna ke kama ta, sai a goge da busasshen tsumma a bar ta inda iska ke kaɗawa, ba cikin rana ba. Da hunturu kuma takan bushe ta yi tauri. Yawanci murza ta da tafin hannu ya wadatar. In ta bushe ƙwarai nakan shafa man kaɗanya ɗan mitsitsi, in murza har ya ɓace. In ya yi yawa ƙura ce za ta manne, ƙura kuwa yashi ce a bakin aska. Ƙaramin yanka ana gyara shi da takardar yashi mai laushi. A rataye ake ajiye ta, ba a naɗe ba.

Aska ɗaya, mutum ɗaya

Akwai abin da dole in faɗa, ko da ba zai yi wa masu kewar zamanin da daɗi ba. Fata ba ta kashe ƙwayar cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin aƙalla kwana 7 a raye a wajen jikin mutum, kuma ɗigon jinin da ido bai gani ba ya isa. Wanzaman da suka koma sabuwar reza ga kowane kai sun yi daidai. Ranar sunan ɗana, Baba ne ya yi askin, kuma da reza sabuwa ya yi, a gabana ya ɓare ta. Askar kakana fuskata kaɗai take taɓawa, ko ƙanena ba na ara masa.

Kwanan baya na tambayi ɗalibaina mene ne zabira. Cikin aji guda, yara biyu ne suka sani, duk da cewa har maƙwabtanmu da ba Hausawa ba sun ari kalmar "wanzam" daga bakinmu. Na san akwai irin jakar nan a gidaje da dama na zango, cikin akwati ko saman rufi. A duba. In an sami aska mai sauran rai, a kai wa tsofaffin nan tun suna da ƙarfin nunawa.

Juma'ar da ta wuce na kai wa Baba tawa bayan masallaci. Ya ɗora ta a kan gashin hannunsa, gashin ya zube ba tare da ta taɓa fata ba. Ya naɗe ta ya miƙo min, ya ce, "To, yanzu ta zama taka." Allah ya jiƙan magabata.