Kafa Asusun Tallafin Karatu a Ikilisiyoyin Karkarar Arewacin Kano: Doka da Amana

Abin da za mu duba a yau shi ne yadda ƙaramar ikilisiya a ƙauye za ta iya kafa asusun taimakon ɗalibai masu gama sakandare, ta yadda dokar ƙasa za ta amince da shi, mutanen gari kuma su yarda da shi. Waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne, amma ina fatan in nuna cewa takarda ɗaya ce ke biyan bukatarsu duka.

Da farko ya kamata mu san ƙasar da muke magana a kai. Wanda ya fita Kano ya nufi arewa, ta Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ta Minjibir da Dambatta, zai ga gona na bin gona, gida na kallon gida, ba wani daji a tsakani. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a nan tun shekarun 1960, ya nuna cewa yawan jama'a ya sa ba a barin gona ta huta. Da taki da wuyan aiki ake riƙe ta shekara da shekaru. Ma'anar wannan ga zancenmu ita ce, gandun da aka raba wa 'ya'ya biyar ba zai ci da jikoki ashirin ba. Dole wasu su nemi abinci a wajen gona, kuma ilmi na cikin ƙofofin da suka rage musu.

A cikin wannan ƙasa, wadda galibin mutanenta Musulmi ne, akwai ƙananan ikilisiyoyi na Hausawa Kirista, yawancinsu zuriyar Maguzawa. Tarihinsu a haɗe yake da makaranta. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan aiki a cikin masarautu, sai a shekarun 1930 aikin jinyar kutare ya buɗe wa mishan na SIM hanya, kamar yadda aka yi a Yadakunya. Daga baya aka sami makarantar yara a Roni, wadda tun 1991 ta koma Jihar Jigawa, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. A 1954 aka kafa ECWA, ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. A shekarun 1970 kuwa gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan, aka kuma soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976. Tun daga nan nauyin da mishan ke ɗauka ya faɗo kan iyaye da ikilisiya.

To, ina ne ainihin yaron ƙauye ke tuntuɓe? A ƙofar fita sakandare. Can ne kuɗi ke taruwa a kansa cikin 'yan watanni: kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, kuɗin fom na JAMB, kuɗin mota zuwa cibiyar da za a yi jarrabawar da kwamfuta, sannan in ya ci, kuɗin karɓar gurbi da na rajista da na ɗaki. A 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama, har da Jami'ar Bayero, sun ƙara kuɗin rajista ƙwarai. Gaskiya ne a 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, wanda ba shi da kuɗin ruwa. Amma sai wanda ya riga ya sami gurbi a makarantar gwamnati ke iya nemansa. Ratar da ke tsakanin gama aji shida da shiga Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ita ce babu mai cike ta. A ganina nan ya kamata ƙaramin asusu ya tsaya, kada ya ɗauki alkawarin digiri na shekara huɗu da ba zai iya cikawa ba.

Yanzu sai doka. Ƙungiyar addini ko ta taimako tana samun matsayi a idon shari'a ne ta hanyar rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, bisa Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990. Ana bukatar amintattu biyu ko fiye. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, da wanda ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce. Ana kai tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Bayan rajista kuma akwai rahoton shekara, wanda ake kaiwa tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba.

Sai dai kafin dattawa su sayar da buhun wake don biyan lauya, su fara tambayar kansu ko suna bukatar sabuwar rajista. Ikilisiyar da ke ƙarƙashin ECWA, ko Angalikan, ko Katolika, tana da uwa wadda ta riga ta yi rajistar amintattunta. Hanya mafi sauƙi ita ce asusun ya zauna ƙarƙashin wannan inuwa, da izinin gunduma a rubuce, da asusun banki nasa dabam wanda ba a gauraya shi da baikon Lahadi. Rajista mai zaman kanta ta fi dacewa in ikilisiyoyi daga ɗarikoki daban-daban suka haɗa kai, ko in 'yan asalin ƙauyen da ke zaune a Kaduna, Abuja ko Ingila za su riƙa aiko da kuɗi masu kauri. A nan banki zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Dokar 2022 kan wannan laifi ta hana ƙungiya biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 10 ba ta hanyar banki ba. Game da haraji kuwa, ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce, kuɗin ibada da sadaka da ilmi ba su da haraji muddin ba daga kasuwanci suka fito ba. Amma sababbin dokokin haraji sun fara aiki a Janairun 2026, don haka ma'aji ya nemi bayani kafin ya sa kuɗin asusu a wata sana'a.

Sashe biyu na dokar 2020 sun cancanci mu tsaya a kansu. Sashe na 839 ya ba CAC ikon dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan aka sami almundahana ko rashin iya riƙo. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta yi suka mai zafi a kansa lokacin da aka sa wa dokar hannu a watan Agusta na 2020, don tana ganin ƙofa ce ta shiga harkar ibada. Wannan muhawara ta manya ce. Sashen da ya fi shafar ƙauye shi ne na 838, wanda ya ce dukiyar ƙungiya sai a kan manufofinta za a kashe ta, kuma ba a raba ta ga membobi da sunan riba. To, ku dubi ikilisiya mai gida talatin, inda kowa ɗan'uwan kowa ne. Duk yaron da aka zaɓa, ɗan memba ne, watakila ma ɗan ƙanin ma'aji. Me zai bambanta tallafi da rabon ganima? Rubutu. A sa taimakon ilmi cikin manufofin asusu tun farko. A rubuta sharuɗɗa kafin a san sunan masu nema: sakamakon jarrabawa, halin gida, maraici, da kaso na 'ya'ya mata, domin su ake fara cirewa daga makaranta in hatsi ya yi ƙaranci. A karanta sharuɗɗan a gaban jama'a. Dattijon da ɗansa ko jikansa ke cikin masu nema ya fita daga ɗaki lokacin zaɓe, magatakarda ya rubuta cewa ya fita.

Wani zai ce wannan rashin yarda da dattawa ne. Lalle ba haka ba ne. A ƙauye mai riƙe da kuɗin jama'a ba ya iya cewa a'a ga surukinsa in ya zo da matsalar asibiti da tsakar dare. In kuwa kuɗin na banki, sai da sa hannun mutum biyu cikin uku, ana kuma biyan makaranta kai tsaye a kawo rasit, to ya sami abin fakewa ba tare da ya ɓata zumunci ba. Shi ya sa nake ganin bai kamata fasto ya zama mai sa hannu ba, ga shi kuma ana yi masa canjin wurin aiki. Ya fi kyau a sa malamin makaranta, da wakiliyar Zumuntar Mata, waɗanda kowa ya san ƙwarewarsu wajen tara kuɗi da riƙonsa.

Musulmin wannan ƙasa sun san irin wannan tsari da sunan waƙafi ko hubusi: dukiyar da aka tsayar don wata manufa, mai kula da ita ba shi ne mai ita ba, kuma sharaɗin wanda ya bayar shi ake bi. Jihar Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi a 2003. Darasin da asusun ikilisiya zai ɗauka shi ne girmama niyyar mai bayarwa. Kuɗin da aka tara da sunan ɗalibai ba a ranta shi don rufin majami'a, ko da iska ta yaye kwano. Haka kuma ya kamata a yanke shawara tun farko ko ɗan maƙwabci Musulmi zai iya nema. In an buɗe ƙofa, kada a ɗaura mata sharaɗin addini, kuma a sanar da iyaye da mai unguwa, gama a wurin da ake zargin juna da sayen imani da kuɗi, taimakon ɓoye ya fi jawo fitina.

Saura batun lokaci, wanda doka ba ta ce kome a kai ba, alhali shi ke kashe asusu da yawa. Manomi ba ya da kuɗi sai da kaka. Baikon godiya yakan zo ne da dami da buhu, gero, dawa, wake da gyaɗa, a daidai lokacin da farashi ya faɗi a kasuwar Dawanau. Kuɗin jarrabawa kuma yakan taso a farkon shekara, na rajista daga baya. Saboda haka sai kwamiti ya raba hatsin biyu: abin da za a sayar nan take don fom, da abin da za a adana zuwa bazara in ya yi tsada. A auna kome a gaban shaidu, a rubuta yawan buhu da ranar sayarwa da farashi, domin hatsin da ba a rubuta ba ɓera da mutum duk suna cinsa. Tun da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, alkawarin naira kaza ga kowane ɗalibi ba ya jimre shekara biyu. Gara tsarin mulkin asusu ya ce za a biya kuɗin JAMB da rabin rajistar shekarar farko, a kuma ƙayyade yawan ɗalibai kowace shekara bayan an ƙirga buhunan da suka shigo rumbu.