Ƙa'ida ɗaya domin masu nakasa su amfana da intanet

Makaho da ke shiga intanet yana dogara ne da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, irin su JAWS da NVDA a kwamfuta, ko VoiceOver da TalkBack a waya. Manhajar ba ta ganin shafi da ido. Alamomin da maginin shafin ya saka take bi. Idan hoto ba shi da rubutun bayani, ko maɓalli ba shi da suna, mai amfani ba zai san abin da ke gabansa ba.

Shi ya sa ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin WCAG a 1999, ta kuma sabunta su a 2008 (bugu na 2.0) da 2018 (bugu na 2.1) da 2023 (bugu na 2.2). Ginshiƙansu huɗu ne: a iya gani ko ji ko taɓa abin da ke shafin, a iya sarrafa shi ko da madannai kaɗai, a fahimce shi, kuma ya yi aiki da na'urorin taimako iri-iri.

Sai dai dokokin ƙasashe ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sashe na 508 na dokar Amurka ya ɗauki bugu na 2.0, ma'aunin Tarayyar Turai EN 301 549 kuwa ya ɗauki na 2.1. Sauƙin abin shi ne, tun bayan bugu na 2.0, kowane sabon bugu ya ƙunshi kusan duk sharuɗɗan na baya. Don haka mai gina shafi ya bi bugu na 2.2, sannan ya gwada aikinsa tare da masu nakasa kafin ya buɗe shi ga jama'a.