Rumfar Da Ido Ba Ya Gani: Yadda Kaurinta Ke Canjawa Bisa Kanmu

Duk mai sauraren rediyo a gajeren zango ya san cewa tashar da ake ji garau da hantsi takan ɓace bayan magariba, wata kuma ta fito a madadinta. Sau da yawa akan ɗora laifi ga batir ko eriya. Alhali kuwa dalilin yana can bisa, inda ido ba ya kaiwa.

Daga wajen kilomita 60 har zuwa 1,000 bisa ƙasa akwai wata rumfa ta siririyar iska wadda masana ke kira iyonosfer. Hasken rana shi ke gina ta: yana bugun ƙwayoyin iska, ya ɓalle musu ƙananan ƙwayoyin lantarki. Waɗannan su ke mai da muryar rediyo ƙasa, har ta sauka a gari mai nisa. Wani masanin Ingila, Edward Appleton, shi ya tabbatar da wanzuwarta a 1924. Hawanta uku ne. Na ƙasa yana shanye murya da rana, ya watse da dare, shi ya sa tashoshin matsakaicin zango ke zuwa daga nesa bayan lisha. Na tsakiya yana wajen kilomita 100. Na bisa, wanda ya fi cunkoso, yana wajen kilomita 300.

To, mu a nan sha'anin ya bambanta da na Turai. Duniya kanta maganaɗisu ce, kuma akwai wani layi da ya kewaye ta kamar ɗamara, inda allurar maganaɗisu, in an rataye ta, take kwanciya sosai ba karkata. A Afirka ta Yamma wannan ɗamara ta ratsa kusa da iyakar Kwaddibuwa da Mali, ta bi ta arewacin Najeriya. Watau Maraɗi da Damagaram suna arewa da ita kaɗan. Saboda haka ne tashar awo ta Wagadugu ta yi ta auna rumfar daga 1966 zuwa 1998.

Ga yadda ake gane kaurinta. Ana ƙididdige dukan ƙwayoyin da ke tsakanin ƙasa da tauraron ɗan'adam, sa'an nan a raba da yawansu a wurin da suka fi cunkushewa. Abin da ya fita shi ne kaurin, da kilomita.

Da rana ta fito, ƙwayoyin suna yawaita da sauri. Amma bisa ɗamarar akwai ƙarfin lantarki mai fuskantar gabas, wanda ke cira su sama kamar ruwan marmaro. In sun kai can, sai su gangara arewa da kudu, su taru wajen digiri 15 a kowane gefe: tudu ɗaya bisa Sahara, ɗaya bisa teku. Appleton ya bayyana waɗannan tuddai a 1946. Don haka da tsakar rana rumfarmu takan yi kauri ƙwarai, amma cunkosonta ya ɗan ragu, kamar audugar da aka shiɓe.

Bayan faɗuwar rana nan ne matsala take. Ƙarfin ya kan ƙaru na ɗan lokaci, ya ɗaga rumfar, gindinta ya zama wayam, sai kumfa-kumfa su taso su keta ta. A Huwankayo ta ƙasar Peru aka fara ganin alamarsu a 1938. Saƙon tauraro da ya ratsa su yakan yi rawa ko ya yanke. Gab da asuba kuwa cunkoso ya kan kai ƙarshen raguwarsa.

Lokutan shekara ma suna da nasu rabo. A watannin Maris da Afrilu, farkon bazara, da kuma Satumba da Oktoba, shigowar kaka, ƙwayoyin sun fi yawa, kumfan dare kuma sun fi tasowa. A Yuni da Yuli abin ya kan lafa. Ban da wannan, ƙarfin rana kanta yana hawa yana sauka cikin kimanin shekara 11, kuma ya kai ƙololuwa a 2024.

Kada a ɗauki wannan magana ta masana kaɗai. Na'urar GPS, wadda direba da mai awon fili da matuƙin jirgin sama suke dogara gare ta, tana lissafi ne da lokacin da saƙon tauraro ya ɗauka, rumfar kuwa tana jinkirta shi, har kuskure ya kai mita da dama. Gyaran da aka tsara don sararin Turai ba ya wadatar da namu. Sai mai ɗaki ya san inda yake yoyo. Wajibi ne ƴaƴanmu masu ilimin kimiyya su riƙa auna samaniyarmu, safe da maraice, rani da damina.