Me Ke Sa Wata Fartanya Ta Lanƙwashe, Wata Ta Karye?

A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, damina gajera ce, da wuya ta wuce wata huɗu. Saboda haka manomin da fartanyarsa ta karye ana tsakiyar noman fari ba kuɗin fartanya kaɗai ya yi asara ba, har da kwanakin da ciyawa za ta yi tana cin geronsa. Shi ya sa kafin ruwa ya sauka ake ganin manoma a kasuwa irin ta Maigatari suna jujjuya fartanya da gatari, suna ƙwanƙwasawa. Wata fartanyar bakinta naɗewa yake yi, wata kuwa ɓallewa take yi kamar sakaina, alhali maƙeri ɗaya ya ƙera su daga guntun sifirin mota ɗaya. Dalilin wannan yana can cikin ƙarfen, inda ido ba ya kaiwa.

Ƙarfe tarin ƙwayoyin zarra ne, masu ƙanƙantar da sai an jera kimanin miliyan 4 kafin su cika milimita ɗaya. Ba a watse suke ba. A jere suke sahu-sahu, bisa wani tsari da ke maimaita kansa. Duk abin da ke da irin wannan tsari ana kiransa kiristal. A 1913 ne William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka yi amfani da hasken eksire a Ingila suka gano tsarin gishiri, daga nan aka bi sauran abubuwa. Sai dai bakin fartanya ba kiristal guda ba ne. Ƙanana ne birjik, manne da juna kamar gonakin karkara: kowace gona da inda kunyoyinta suka fuskanta, ga kuma iyaka tsakaninta da maƙwabciyarta.

Masana sun lissafa ƙarfin da ake bukata kafin sahu guda na zarra ya zame a kan ɗan'uwansa baki ɗaya, sai lissafi ya nuna ya kamata ƙarfe ya ninka ƙarfin da aka san shi da shi sau ɗaruruwa. An daɗe ana mamakin wannan saɓani. A 1934 mutum uku, Geoffrey Taylor da Egon Orowan da Michael Polanyi, kowa daban, suka kawo bayani ɗaya: jerin yana da tangarɗa. Duk wanda ya taɓa huɗa ya san gajeriyar kunya, wadda ke ƙarewa a tsakiyar gona, ta sa na gefenta su ɗan karkace. Haka ake samun gajeren sahu a cikin kiristal. Idan an danna ƙarfe, wannan tangarɗa ce ke gusawa, taki ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mutane kan matsa ɗaya-ɗaya don cike giɓi a sahu ba tare da kowa ya motsa a lokaci guda ba. Gusawar ɗimbin irinta ita ce lanƙwasar da ido ke gani. Ba a gan ta a zahiri ba sai a 1956, da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki.

Ke nan duk abin da zai hana tangarɗa gusawa zai ƙara wa ƙarfe tauri. Iyakokin kiristal suna tare ta, don haka ƙarfe mai ƙananan kiristal ya fi mai manya ƙarfi. Ita ma takan tare 'yar'uwarta: waya idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya, tangarɗar kan yawaita ta cushe, wurin ya yi tauri, daga bisani ya tsinke. Zafi kuwa sassauta cunkoson yake yi, kiristal su sake sabon jeri. A nan karin maganar nan ta da zafi-zafi ake dukan ƙarfe ta samo tushenta.

Babban makamin maƙeri shi ne sinadarin kabon, wanda shi ne jigon gawayi. Ƙusa da waya kabon ɗinsu bai kai kashi 0.25 cikin 100 ba. Na sifirin mota yakan kai kimanin kashi 0.6. Wannan ɗan bambanci ne ya sa maƙera ke neman sifirin in za su yi gatari ko wuƙa. A yanayin sanyi, jerin zarrar ƙarfe ba shi da wurin ajiye kabon sai ɗan mitsitsi, ragowar yakan ware gefe. Da zuga-zugi ya kai zafi digiri 727 a ma'aunin Salsiyas, sai jerin ya fara juyewa zuwa wani tsari mai manyan gurabu, kabon ya narke a ciki. Wajen digiri 800, lokacin da ƙarfen ya yi jajir kuma maganaɗisu ya daina kama shi, juyin ya kammala a ƙarfen sifirin.

Daga nan hanya ta rabu. In an bar shi ya huce a hankali cikin toka, kabon zai sami lokacin fita, ƙarfe ya koma da laushinsa. Wannan ita ce fartanyar da ke naɗewa. In kuwa an tsoma shi cikin ruwa nan take, jerin zai nemi komawa tsohon tsarinsa alhali kabon na maƙale a ciki, sai ya takure, tangarɗa ta rasa hanya. Ana kiran wannan tsari matansait, don tunawa da masanin Jamus Adolf Martens. Taurinsa ya kai magagari ya zame a kansa bai ci ba, to amma abin da ba ya iya lanƙwasa karyewa yake yi, kamar tukunyar ƙasa. Ɗan tsagen da ƙarfe mai laushi zai dakushe bakinsa, a cikin matansait ratsawa yake yi har ƙarshe. Tsohon sifirin kuma, bayan shekaru yana shan gargada, ba ya rasa irin wannan ɓoyayyen tsage.

Gwanintar tana mataki na uku, wanda mai gaggawa kan tsallake. Bayan tsomawa, a goge bakin ya yi haske, a sake ɗumama shi kaɗan. Wajen digiri 220 zai yi launin busasshen kara, wajen 300 ya yi shuɗi. Wannan ɗumi yana barin wani sashe na kabon ya fita, tauri ya ɗan ragu, juriya ta ƙaru. Wuƙa tana son launin kara. Gatari da fartanya, masu karo da itace da saiwa, sun fi son kusa da shuɗi. Ba aikin ma'auni ba ne a maƙera, aikin ido ne, kuma launin ba ya jira.

Malami zai iya nuna wannan a aji da tsohon zarton yankan ƙarfe irin na gama-gari, da murhun gawayi, da awartaki, da gwangwanin ruwa. A raba zarton uku, a gasa kowane ya yi ja. Na farko a bar shi ya huce a toka: zai lanƙwashe ya tsaya a haka. Na biyu a tsoma a ruwa: zai ɓalle, don haka a lulluɓe shi da tsumma saboda idanun ɗalibai. Na uku a tsoma, a goge, a ɗumama har ya yi shuɗi: zai ɗan lanƙwasa ya dawo daidai. Sannan a gasa ƙusa a tsoma ta ita ma. Magagari zai ci ta kusan yadda yake cinta a da, domin kabon ɗinta bai isa ba.