Ciwon Sukari: Rage Ci Magani Ne, Amma da Sharaɗi

Jama'a 'yan uwa fatake, ciwon sukari ya yi yawa a cikinmu, musamman mu da muka haura arba'in. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya wuni zaune a kara, kowane ciniki da kofin shayi mai cokali uku na sukari, ga zalabiya da safe, ga asida ko kisra da dare. Tumbi ya fito, a ce arziki ne.

Irin da ke kama manya shi ne nau'i na biyu. Duk wanda ya ga an feɗe san turke ya san yadda kitse ke lulluɓe kayan ciki. To haka yake taruwa a hantar mutum da gaɓar da ke yin insulin, sai sukari ya kasa shiga tsoka, ya tsaya cikin jini. In kitsen ya narke, sau da yawa aiki yakan dawo.

A 2017 likitocin Birtaniya, Roy Taylor da Mike Lean, sun fitar da sakamakon wani gwaji a kan waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba. An sa su rage ci sosai. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Sai dai in ƙiba ta dawo, ciwon ma yakan dawo.

Azumin tsallake-tsallake da ake ta magana hanya ce ɗaya ta rage wannan nauyi. Wasu kan ci cikin awa 8 kawai, su bar ciki ya huta awa 16. Wasu kan rage ci ƙwarai kwana 2 a mako, kamar dai mai azumin Litinin da Alhamis. Bambancinsa da azumin ibada shi ne ana shan ruwa da shayi maras sukari. A zafin Gadarif na watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan ma abin ba baƙo ba ne, tunda fatur ɗinmu sai hantsi: ka bar zalabiyar safe, ka ci ful da ƙarfe 11, ka rufe baki kafin 7 na yamma. Amma wanda ya kame da rana ya rama da dare, aikin banza ya yi.

Ga sharaɗin. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar Daonil, kada ya fara sai likita ya gyara masa magani, don waɗannan kan kayar da sukari in ciki ba komai. Metformin bai cika yin haka ba. In ka ji gumi, makyarkyata, jiri ko idonka na dishi-dishi, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ci dabino ko ka sha ruwan sukari nan take. Ranar da za ka kora shanu zuwa Gallabat ko ka tsallaka Metema ba ranar gwaji ba ce. Mutum ya faɗi a daji, asibiti da nisa. Ka sa dabino a aljihu, ka kuma sanar da abokin tafiya halin da kake ciki.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.