Yadda ake auna ɓarnar da tsatsa ke yi wa taurin ƙarfe

Ba kullum ƙarfen da tsatsa ta ci yake nuna alama a ido ba. Bututun ruwa na ƙarfen zubi da ya daɗe binne a ƙasa mai laima kan fito da siffarsa cif, alhali jikinsa ya zagwanye har wuƙa na iya kankare shi. Haka ma tagulla: idan ruwa ya tsotse tutiyar da ke cikinta, sai a bar jan ƙarfe mai ramuka, marar ƙwari.

Shi ya sa injiniyoyi ke dogara da gwajin tauri. Ana danna wani abu mai tsananin tauri a kan ƙarfen da nauyi sananne, sannan a auna gurbin da ya bari. Gwargwadon girman gurbin, gwargwadon laushin ƙarfen.

Injiniyan Suwidin Johan Brinell ya fito da hanyarsa a 1900, inda ake danna ƙwallo mai faɗin milimita 10 da nauyin kilogiram 3,000. A 1921 aka ƙirƙiro gwajin Vickers a Ingila, mai amfani da daimon mai siffar dala. Ƙanƙantar gurbinsa ta sa ana iya yanka ƙarfe a auna shi daga baki zuwa ciki, a ga inda ɓarnar ta tsaya.

A ɗakin gwaji, akan auna taurin samfuri da nauyinsa, a sanya shi cikin akwatin feshin ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100, a zafin digiri 35 na ma'aunin Salshiyos. Bayan kwanaki sai a wanke shi, a sake aunawa, a kwatanta sakamakon.

Sai dai tauri kaɗai ba ya tabbatar da lafiyar ƙarfe, domin mai tsananin tauri ya fi saurin tsagewa idan tsatsa ta haɗu da nauyi. Irin wannan tsagewa a sandar ƙarfe guda ɗaya ce ta rusa gadar Silver da ke kan Kogin Ohio a Amurka ranar 15 ga Disamba, 1967, mutum 46 suka rasu.

Don haka a wurare masu gishiri da laima, kamar gadojin Legas da bututun mai na Neja-Delta, wajibi ne a haɗa gwajin tauri da auna kaurin ƙarfe da binciken tsaga a kai a kai.